Riƙon zauren WhatsApp na unguwa: aikin da manhaja ba za ta yi maka ba

Buɗe zaure a WhatsApp bai kai minti biyu ba. Ka danna, ka zaɓi mutane, ka raɗa masa suna, ka ɗora hoton masallacin unguwa, shi ke nan ka zama admin. Abin da ke biyo baya shi ne babu maɓallinsa. Ni ne sakataren ƙungiyar masu gidaje a wata sabuwar unguwa da ke gefen birnin Kano, irin unguwannin nan da mutane suke riga titi da falwaya zuwa. Taransifomarmu karo-karo muka yi muka saya, kwalbatin bakin layi mu muka gina, 'yan sintiri mu ke biyansu duk wata, kuma kusan duk wannan ta waya aka tsara shi. Daga nan na samo abin da zan faɗa, amma mai riƙe zauren tsofaffin ɗalibai, ko na dangi, ko na 'yan layi ɗaya a kasuwa, zai ga nasa a ciki.

An ƙera wannan manhaja ne don magana ta yi araha, kuma ta yi. Ba a ƙera ta don jama'a su tsai da shawara ba, ko su tuna abin da suka tsayar, ko su san wa ya biya wa bai biya ba. Sanarwar an ga baƙuwar fuska a layi da sitikar dariya wuri ɗaya suke samu, wanda ya zo daga baya ya ture na farko sama. Wannan giɓin kai za ka cike shi da hannunka.

Kafin ka saka kowa

Rubuta aikin zauren a jimla ɗaya, ka sa a wurin bayani, ƙarƙashin suna. Namu cewa ya yi: wuta, ruwa, tsaro da hanya a unguwarmu. Ranar da wani ya turo tallan atamfa ko bidiyon ɗan takara, ba sai kun tsaya musu kan ko abin yana da kyau ba. Wuta ce, ko ruwa, ko tsaro, ko hanya? In ka rubuta "zumunci da ci gaba" ka buɗe wa komai ƙofa, don babu abin da mutum ba zai kira zumunci ba.

Sai dai Bahaushe ba ya shiga wuri ya fasa gaisuwa, kuma bai kamata ka nemi ya fasa ba. Barka da Juma'a, sanarwar ɗaurin aure, ta'aziyya, su ne suke sa wanda ka ce ya kawo kuɗin kwalbati ya ji ba baƙo ne ke tambayarsa ba. Saboda haka zaure biyu za ka buɗe. Ɗaya na sanarwa, wanda admin kaɗai ke rubutu a ciki. Wannan saitin yana nan tun 2018, a wurin izinin zaure. Ɗaya na hira, kowa ya faɗi albarkacin bakinsa. A Nuwamba 2022 WhatsApp ya fito da tsarin da ke tattara zauruka da yawa ƙarƙashin inuwa ɗaya, da zauren sanarwa guda da ke isa ga kowa. Akwai fa'idarsa da ta dace da mu: a zauren sanarwar, wanda bai riga ya san lambarka ba ba zai gan ta ba, sai admin. A zaure na yau da kullum kuwa lambar kowa a fili take. Muna da gidajen da mata ne ke riƙe da su, waɗanda mazansu suka rasu da waɗanda mazansu ke aiki a wani gari. Suna biyan kuɗin 'yan sintiri kamar kowa, sun cancanci jin abin da ake ciki, amma da yawansu ba za su zauna inda lambarsu ke gaban maza ɗari ba.

Kada ka jefa mutum a zaure bai sani ba. Kira shi, ko ka tare shi bayan sallah ka faɗa masa abin da ake yi a ciki. Wanda aka nemi izininsa ya fi jin nauyin fita. In ya shigo, ya faɗi sunansa da layinsa da lambar gidansa, don sabon shiga yakan tarar da zaure fayau, bai ga abin da aka yi kafinsa ba, su ma lamba kawai suke gani.

Shekarun baya iyakar zaure mutum 256 ce. A 2022 aka ɗaga ta zuwa 512, daga baya 1,024. Kada wannan ya ruɗe ka. Wani masani ɗan Ingila, Robin Dunbar, ya kawo ƙiyasi a farkon shekarun 1990 cewa mutanen da ɗan Adam ke iya riƙe alaƙa ta sani da su ba su wuce kamar 150 ba. Masana suna ta ja-in-ja kan adadin, amma abin da yake nufi ana ganinsa a zaure. Da zarar an kai inda ake tambayar "wai wane ne mai wannan lambar?", kunya ta yi sallama. Mutumin da ba zai ɗaga maka murya a ƙofar masallaci ba sai ya rubuta maka baƙar magana da ƙarfe ɗaya na dare. In unguwa ta girma, raba hira layi-layi, sanarwa ta zauna ɗaya.

Wa zai riƙe makulli

Admin uku sun isa: sakatare, wani matashi da ya san kan waya, da dattijon da in ya ce a yi shiru ake yi. Ma'aji kada ya shiga cikinsu, ko da ya fi kowa gaskiya. Admin yana iya goge saƙon mutane, kuma bai dace wanda ake tambaya kan kuɗi ya zama yana da ikon goge tambayar ba.

Abu biyu game da manhajar da mutane ba sa sani sai ta kwaɓe. Wanda ya buɗe zaure, sauran admin ba sa iya sauke shi. In kuma admin ɗaya ne tilo ya fita, manhajar da kanta za ta ɗora wani a cikin mambobi, ba tare da ta tambayi kowa ba, kuma yana iya zama ɗan hayar da ya tashi bara. Don haka ku sayi layi na ƙungiya ku buɗe zauren da shi. Ku riƙa saka masa kati kuna kira da shi, don kamfanonin waya suna sake sayar da layin da ya daɗe ba a taɓa ba.

Daga nan shiga wurin izini ka rufe ƙofofi. Mambobi kada su iya canza suna da hoto, kada su iya saka mutane. Kunna saitin da ya zo a 2023 wanda ke sa mai son shiga ta hanyar linki ya jira amincewar admin. Linkin da ya taɓa fita waje kuwa, sabunta shi. Tsohon zai mutu nan take.

Doka, da yadda ake gaya wa babba ya yi kuskure

Na sha ganin zauren da admin ya kwafo dokoki ashirin daga wani wuri ya liƙa, har da "wanda ya karya za a cire shi ba tare da gargaɗi ba". Ba wanda ya karanta, kuma ranar da surukin shugaba ya karya, ba wanda ya cire shi. Daga ranar dokar ta mutu.

Elinor Ostrom, Ba'amurkiyar da ta zama mace ta farko da ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta shafe shekaru tana nazarin jama'ar da ke raba abu ɗaya: makiyaya a wani ƙauyen Suwizalan, manoman rani a Sifen da Filifin, masunta a wurare daban-daban. Ta tarar waɗanda tsarinsu ya daɗe bai rushe ba suna da wasu halaye iri ɗaya. An san wane ne ɗan ciki, wane ne ba. Waɗanda doka za ta hau kansu suna da baki wajen tsara ta. Hukunci yana hawa daki-daki, na farko mai sauƙi ƙwarai. Kuma akwai wurin sasanta rigima kusa, ba tsada. Ba zauren waya take magana a kai ba, amma hankalin mutane a zaure shi ma abu ne da ake rabawa, kuma mutum ɗaya yana iya cinye shi.

Dokokinmu biyar ne, a taron ido da ido aka karanta su aka ce an yarda. Ba talla, ba siyasar jam'iyya, ba muhawarar aƙida, ba ambaton sunan mutum da laifi, ba tura labarin da ba ka san tushensa ba. Ta uku ta fi kowacce ceton mu, don unguwar da masallatanta suka bambanta taransifoma ɗaya take sha. Hukunci kuwa: karon farko kira ta waya, na biyu a goge saƙon, na uku a fitar da mutum mako ɗaya a mayar da shi. Korar dindindin sai kwamiti ya zauna.

Ka san cewa in ka goge saƙon wani, kowa zai ga an rubuta admin wane ne ya goge, kuma damar ba ta wuce kamar kwana biyu. Goge wa sa'anka abu ne mai sauƙi. Na babba fa?

Akwai wani dattijo a zaurenmu, mutumin kirki, mai hannu a duk wani aikin unguwa. Kullum bayan asuba sai ya jero bidiyo: wa'azi, maganin ciwon suga, abin al'ajabi daga wata ƙasa. Matasa suka fara gunaguni. Ba a ce masa uffan a zaure ba. Bayan la'asar na same shi a ƙofar gida, muka gaisa, na tambayi iyali, sannan na ce, "Baba Alhaji, wata alfarma muka zo nema. Yaran nan datarsu ta kwana ɗaya ce, bidiyo biyu sun cinye ta, sai sanarwar 'yan sintiri ta zo ba su gani ba."

Ya ce, "Ashe ci take? Ni ai jikana ke saka min."

"Ci take, ranka ya daɗe. In da hali, wanda ya fi burge ka a mako, ka ajiye mana shi sai Juma'a."

"To Malam Sakatare, an gama."

Da a zaure aka gaya masa, gaban 'ya'yan cikinsa, da ya fita, kuma da mutum goma sun bi shi. Su kuma matasan aka nuna musu inda ake hana waya sauke hotuna da bidiyo da kanta, a wurin saitin ajiya da data.

Yadda surutu ke zama shawara

A 2006 wani masanin yadda mutane ke amfani da intanet, Jakob Nielsen, ya bayyana abin da ake kira ƙa'idar 90-9-1: a yawancin dandalin intanet, cikin mutum 100, kamar 90 karatu kawai suke yi, 9 sukan tofa jefi-jefi, mutum 1 ne ke yawancin maganar. A zauren da aka san juna rabon bai kai haka muni ba, amma duba naka ka ƙirga masu rubutu a mako. Haɗarin shi ne ka ɗauka masu surutun nan su ne unguwa. Mutum shida su yi ta cewa a ninka kuɗin 'yan sintiri, ka ga kamar an amince, ranar karɓa ka tarar da ƙofofi a rufe. Masu shirun ba yarda suka yi ba, ba a tambaye su ba ne.

Ga yadda muke yi in akwai abin yankewa. A zauren sanarwa nake buɗe magana, gajeriya, da wa'adi:

"Assalamu alaikum. Taransifoma ta sake ƙonewa. Hanya biyu ce: a gyara wannan, ko a haɗa kuɗi a sayi babba. Mai gyara da mai sayarwa duk sun ba da farashi, ga hoton takardunsu. A tattauna a zauren hira daga yanzu zuwa Alhamis bayan isha'i. Juma'a ƙuri'a."

Na rubuta, sannan na maimaita shi da saƙon murya da bai wuce minti ɗaya ba, don akwai masu gidajen da karatun boko ke ba wuya, da waɗanda ido ya yi rauni. Amma murya kaɗai ba ta isa: ba a iya neman kalma a cikinta bayan wata uku, ba kuma a iya saurarenta a ofis. Farashi da rana da lambar asusu dole su kasance a rubuce.

In wa'adi ya cika, sai in taƙaita abin da kowane ɓangare ya faɗa, da adalci, har wanda ba na goyon baya ya ce haka na ce. Sannan a buɗe ƙuri'a, wadda WhatsApp ya kawo a 2022. Kashe damar zaɓen amsa fiye da ɗaya kafin ka tura. Kuma ka tuna ƙuri'ar nan ba ta sirri ba ce, kowa yana ganin wa ya zaɓi me. Ta yi daidai da tambayar gyara ko saye. Ba ta dace da "a sauke ma'aji ko a bar shi" ba. Wannan sai takarda da kwali a harabar masallaci. Gidajen da ba su taɓa ƙuri'ar ba, wakilin layi ya bi su ƙafa da ƙafa ko ya kira, ya kawo amsarsu. Gida ɗaya ƙuri'a ɗaya, ko da mutum huɗu na gidan suna zaure.

Sakamako a rubuta shi da kwanan wata a maƙale shi a saman zaure. Maƙalewar tana da wa'adi, awa 24 ko kwana 7 ko kwana 30, daga nan ta sauka da kanta. Don haka ina da littafi mai bango, irin na rajista, da nake kwafe duk shawarar da aka tsayar. Bayan wata shida wani zai ce "yaushe aka yanke haka?", kuma neman saƙo ɗaya cikin dubu ba aikin da za ka so ba ne.

Kuɗi

Ban taɓa ganin zauren unguwa da siyasa ta kashe ba sai na ga uku da kuɗi ya kashe. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kusan kowa ya koma tiransifa, abin ya sauƙaƙa karɓa, ya kuma rikita lissafi. Mutum zai turo daga asusun matarsa, ko daga wurin mai POS, sunan da ya fito a alat ba ya cikin rajistar kowa.

Kada kuɗin jama'a ya shiga asusun mutum ɗaya. Ba zargi ba ne. Mutum yana rasuwa, magada su ce kuɗin ubansu ne, kuma a takarda gaskiyarsu ce. Mutum yana shiga matsi ya ce bari in ara zuwa ƙarshen wata. Hanya mafi tsafta ita ce ku yi wa ƙungiya rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a matsayin mai amintattu, ku buɗe asusu da sunanta, a ce sai mutum biyu cikin uku sun sa hannu kuɗi zai fita. In ba ku kai nan ba tukuna, ku buɗe asusun haɗin gwiwa na mutum biyu ko uku waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba. Alat ya riƙa zuwa wayar fiye da mutum ɗaya.

Lambar asusu a rubuta ta a bayanin zaure, a kuma sanar sau ɗaya da babbar murya cewa ba za ta taɓa canzawa ta saƙo ba. Duk wanda ya ga saƙon "an canza asusu, a tura nan", ko daga lambar shugaba ya fito, ya tsaya sai ya ji daga baki.

Mai biya ya rubuta lambar gidansa a wurin bayanin tiransifa. Hoton rasit kada a turo shi zauren hira, a tura wa ma'aji kai tsaye. Rasit ɗari a zaure suna binne komai, kuma hoto ba hujja ba ne, ana ƙirƙirarsa. Abin da ya shiga asusu shi ne hujja. Ranar ɗaya ga wata ma'aji ya ciro bayanin asusu daga banki, mu zauna mu biyu mu daidaita shi da littafi, sannan a saki jadawali a zauren sanarwa: abin da ya shigo, abin da ya fita da rasit ɗinsa, abin da ya rage. Ko ba a kashe ko kwabo ba a watan, a saki. Jama'a ba sa zargi don an kashe kuɗi; shirun ma'aji ne ke haifar da zargi.

Sunayen waɗanda suka biya muke fitarwa, ba na waɗanda ba su biya ba. Kowa ya iya karanta giɓin da kansa, amma ba ka kira mutum da suna ka kunyata shi ba. Wani albashi ne bai shigo ba, wani mara lafiya gare shi a asibiti. Wakilin layi ya san waɗannan, kwamiti ya yafe musu a asirce.

Wani abu kuma: zauren da aka yarda da juna shi ne wurin da mai tallan "zuba dubu goma ka kwashi ashirin" ya fi so. MMM, wanda ya daskarar da kuɗin 'yan Najeriya a Disamba 2016, ta hannun 'yan uwa da abokai ya yaɗu, kuma irinsa ba su daina fitowa da sabon suna ba. Wannan ba ya bin matakin gargaɗi, gogewa ake yi nan take.

Labarin da ba a san tushensa ba

A Agusta 2014, lokacin Ebola, saƙo ya zaga Najeriya cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. An kwantar da mutane a asibiti, aƙalla biyu suka rasu. Waɗanda suka tura wa danginsu ba mugunta ce ta sa su ba, ƙauna ce. A Indiya kuwa, a 2017 da 2018, jita-jitar masu satar yara da ta bi ta WhatsApp ta sa an kashe baƙi da duka a garuruwa da dama. Wannan ne ya sa kamfanin ya fara yi wa saƙon da aka turo alama, ya taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci guda, a Indiya a 2018, a duniya baki ɗaya a Janairu 2019. A Afrilu 2020 ya ƙara matsewa: saƙon da ya riga ya yi yawo da yawa, mai alamar kibiya biyu, wuri ɗaya kawai ake iya tura shi. Nuna wa mutanenka wannan kibiya biyun. Ma'anarta wanda ya turo bai san wanda ya rubuta ba.

A zauren da ke maganar tsaro abin ya fi haɗari, don mutanen da ke karantawa suna da sanduna a bayan ƙofa. Ƙa'idarmu ita ce rahoton tsaro ya amsa tambaya uku: wa ya gani da idonsa, a ina, da ƙarfe nawa. "An ce" ba ya shiga zauren sanarwa. Mai rahoto ya kira shugaban 'yan sintiri tukuna, shi ya duba, sannan admin ya sanar. Hoton mutum da kalmar "ɓarawo" a ƙasa ba ya kwana a zaurenmu ko minti ɗaya. In akwai zargi, ofishin 'yan sanda da gidan mai unguwa suna nan. Hoton da aka ce na harin jiya ne kuwa, saka shi a Google Lens, manhajar neman tushen hoto, sau da yawa za ka tarar da shi a wata ƙasa shekaru biyar baya. Masu tantance labarai irin su Dubawa da Africa Check ma sukan riga ka bincika.

Wasu suna sakin baki don sun ji an ce WhatsApp a kulle yake. Gaskiya ne tun 2016 saƙonni suna tafiya a rufe, kamfanin ma ba ya karanta su a hanya. Amma kullen bai hana ɗaya daga cikin mutum 200 ɗaukar hoton allon wayarsa ya kai inda ya ga dama ba. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, tana nan, ƙarar ɓata suna ma tana nan. Gaya wa mambobi su rubuta abin da za su iya maimaitawa a gaban wanda suke magana a kansa.

Lambobi shida

Wannan damfarar ta shiga kusan kowane zaure da na sani. Waya za ta yi ƙara, murya mai ladabi ta kira ka da sunanka, ta ambaci sunan zauren: "Alhaji, akwai taron ƙungiya ta intanet yau da dare, mun turo maka lambar shiga, karanto min in sa sunanka." Lambobin shida da suka shigo wayarka ba na wani taro ba ne, na rajistar WhatsApp ɗinka ne. Kana karantowa, asusunka ya koma wayarsa. Daga nan zai bi 'yan uwanka yana neman rancen gaggawa da sunanka, ya kuma kwashi lambobin zauren ya kira na gaba.

Maganin yana cikin saitin asusu: tabbatarwa mai mataki biyu, inda za ka sa lambar sirri taka ta kanka, ka haɗa da imel. Kada ka tsaya a sanarwa. A taron wata, matashin admin ya zauna a gefe, dattawa su miƙa masa waya ɗaya bayan ɗaya, kowa ya danna lambarsa da hannunsa. Admin kuwa ba ya karɓar muƙami sai ya kunna.

In an riga an sace na wani, cire lambar daga zaure nan take, ka sanar kada a tura wa kowa kuɗi da sunansa, ka sabunta linki. Shi kuma ya sake rajista da layinsa. Sabuwar lambar da za ta zo masa ta tes za ta fitar da ɓarawon. In ɓarawon ya riga ya sa tasa lambar sirrin, jiran kwana 7 ne kafin mai shi ya shiga. Kada ka mayar da shi zaure sai ka ji muryarsa.

Ranar da babu sabis, da ranar da za ka sauka

A Satumba 2021 an rufe layukan waya a Zamfara, rufewar ta shafi sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, aka yi makonni. Ranar 4 ga Oktoba na shekarar WhatsApp da Facebook suka ɗauke a duk duniya kamar awa shida. Ko ba wannan, wayar sakatare tana faɗawa ruwa. Rajistar gidaje da sunaye da lambobi ta kasance a takarda, kwafi biyu, gida biyu. Kowane layi ya san wakilinsa, kowane wakili ya san ƙofofin da zai ƙwanƙwasa. Ladanin masallaci ya san shi ne zauren sanarwa in waya ta mutu.

Duk wata uku bi jerin mambobi da rajista a hannu. Wanda ya sayar da gidansa, a yi masa godiya a cire shi. Wanda ya rasu, bayan an yi ta'aziyya a tambayi iyali wa zai wakilci gidan, a cire lambar mamacin kafin layin ya faɗa hannun wani. Tun 2022 mai fita daga zaure admin kaɗai ke samun sanarwa, don haka in ka ga wani ya fita, kira shi washegari ka ji ko lafiya.

In wa'adinka ya ƙare, abin da za ka miƙa wa sabon sakatare a gaban kwamiti shi ne layin ƙungiya, littafin shawarwari, rajistar gidaje da jadawalin kuɗi na ƙarshe. Ya canza lambar sirri da imel a wurin, ku je banki tare a sauya sa hannu a cikin makon, sannan ya sauke lambarka daga admin.